Kwana Goma a Masallaci: Nazarin I'itikafi a Ƙasar Daura

Ranar ashirin ga watan azumi, kafin faɗuwar rana, za a ga magidanta da samari a Daura da Zango da Baure da Sandamu da Mai'aduwa sun nufi masallatan Juma'a, kowa da tabarmarsa da buta da Alƙur'ani. Sun yi sallama da kasuwa da majalisar hira, sai kuma bayan idi. I'itikafi ke nan, ibadar da mutum ke tsare kansa a masallaci don ya keɓe da Ubangijinsa, ya kuma yi wa kansa hisabi.

Dokokinsa ba baƙi ba ne a ƙasar Daura, domin duk ɗalibin da ya yi karatun zaure ya gamu da su a Risala ta Ibn Abi Zaid, malamin Ƙairawan da ya rasu a shekarar 996. A mazhabar Malikiyya ba a i'itikafi sai da azumi, ba a kuma yin sa sai a masallaci. Idan kwanakin za su haɗa da Juma'a, dole ya zama masallacin Juma'a ne. Mai yin sa ba ya fita sai don biyan buƙata, ba ya zuwa dubiya ko jana'iza, ba ya fita ciniki. Wanda ya kai ƙarshen wata yakan kwana a masallaci daren Sallah, daga nan ya zarce filin idi.

Muhtasar na Shehu Halil ya ƙara wasu hukunce-hukunce biyu da suka cancanci a tsaya a kansu. Na farko, makaruhi ne mai i'itikafi ya shagala da koyarwa ko yawan rubutu, duk da darajar ilimi, saboda lokacin na salla ne da tilawa da zikiri. Na biyu, makaruhi ne ya shiga bai tanadi abin da zai ishe shi ba.

Wannan na biyun ya tona wani abu da ba a cika faɗa ba: natsuwar mutum ɗaya, wasu ne ke ɗauke da nauyinta. Uwargida ce ke dama kunu ta soya ƙosai, yaro ya kai kwano ƙofar masallaci da magariba, ya sake komawa da na sahur. Kasuwar Mai'aduwa ba ta fasa ci ranar Lahadi, motoci ba sa daina tsallaka iyaka a Kongolam, sai dai ƙane ko yaron shago ya tsaya a madadin maigida. Shi ya sa malamai ke jan kunne a wajen tafsiri cewa ciyar da iyali wajibi ne, i'itikafi kuwa ba farilla ba ne. Wanda ya bar gida babu cefane ya tafi neman lada, ya fifita nafila a kan wajibi.

Keɓewa don ibada ta daɗe a ƙasar Hausa ta wata fuskar, wato halwa. Mabiya Ƙadiriyya da Tijjaniyya kan shige ɗaki su kaɗai da izinin shehinsu, wani lokaci har kwana arba'in, ba ruwansu da kowa. I'itikafin yau kuwa na cikin taro ne. Sahu kan cika a sallar tahajjudi, lasifika na tashi har asuba, kuma matsalar tsaro ta sa manyan masallatai da dama a Arewa suna rubuta sunan mutum kafin ya shimfiɗa tabarma. Ga kuma waya. Jiki na masallaci, amma WhatsApp da TikTok sun biyo mutum da kasuwa da siyasa da gulma har gindin mumbari.

Shekarar 2020 ta zo da jarrabawa ta daban. A watan Afrilu gwamnatin Gwamna Aminu Bello Masari ta kulle Daura bayan ɓullar korona, ana saura kwanaki a kama azumi, hukumomin addini na ƙasa kuma suka dakatar da i'itikafi. Ibadar da aka saba yi a masallaci ta koma tsakar gida. A fiƙihu wannan bai zama i'itikafi ba, amma ya sa magidanta da yawa sun ga yadda goman ƙarshe ke wucewa a wajen matansu: tsakanin murhu da wanke-wanke da raino da hidimar Sallah.

Nan ne giɓin al'adar yake. Malikiyya ba ta hana mace i'itikafi ba, sai dai ta sharɗanta mata masallaci da izinin miji, abin da mata kaɗan ke samu, musamman a ƙauyuka. Ga shi kuwa neman daren Lailatul Ƙadari bai keɓanta ga maza ba. Ya kamata masu tafsirin Daura su riƙa yi wa maza bayani dalla-dalla kan yadda za a rage hidimar buɗa-baki, a raba aikin gida tsakanin manyan yara, ta yadda uwargida ita ma za ta samu sa'o'inta na tilawa a waɗannan darare goma.