Jinjina ga Marinan Ƙofar Mata

Mai gidan da ya kwaso iyalinsa ya kawo su Kano yawon buɗe ido ranar Asabar, yawanci Dutsen Dala yake fara nufa, ya sauko ya leƙa Gidan Makama, sannan a kutsa Kasuwar Kurmi. Duk da kyau. Amma wurin da yara ke tsayawa su ƙi tafiya shi ne karofin Ƙofar Mata, wanda ake danganta kafuwarsa da shekarar 1498, zamanin Sarki Muhammadu Rumfa.

A nan za ka iske dattijo zaune a bakin rami, yana tsoma zane cikin ruwan baba da toka da kanwa, ya ɗago shi ya sha iska, ya sake mayarwa. Zanen kan fito kore-kore, kafin ka ƙifta ido iska ta mai da shi shuɗi. Yaro ya tambayi dalili sau biyar, marinin ya amsa sau biyar, ko fuska bai ɓata ba. Can gefe kuma mabuga na jibgar shadda a kan gungume har ta yi sheƙi.

Yadin waje mai araha ya karya musu kasuwa, ramuka da yawa sun ƙafe, amma ba su tashi ba. Sannunku da aiki, Allah ya ƙara albarka.

Kai kuma baƙo, in ka je, kada ka tsaya ga ɗaukar hoto kawai. Sayi ko da ɗankwali ne.