Mujiya da Fanka a Wasan Twin Peaks

A wannan ɗan sharhi ina so in yi tsokaci a kan alamu biyu da ke yawan fitowa a wasan talabijin na Amurka mai suna Twin Peaks, wanda David Lynch da Mark Frost suka shirya, tashar ABC ta fara nuna shi a 1990. Jigon wasan shi ne binciken wanda ya kashe wata 'yar makaranta, Laura Palmer, wadda aka tsinci gawarta a bakin ruwa naɗe cikin leda.

Alama ta farko ita ce mujiya. Mu da muka tashi a ƙauyukan Gaya da Ajingi ba ma bukatar fassara a nan. In mujiya ta yi kuka bisa katanga da dare, tsofaffi kan shiga salati, wai mutuwa ta kusato. To, haka na ɗauke ta a wasan, watau sharri daga daji yake tahowa. Mai wasan ma ya ƙarfafa wannan zato, domin ya haɗa hoton mujiya da fuskar Bob, mugun iskan da ke shiga jikin mutane.

Alama ta biyu kuwa fanka ce ta rufin ɗaki a gidan su Laura. Sau da yawa akan nuna ta tana juyawa bisa matakala, babu kowa, sai ƙararta. Na raina ta da farko. Amma da asiri ya tonu, ashe mahaifin yarinyar, Leland, shi ne ya daɗe yana lalata da ita, shi ne kuma ya kashe ta.

A ganina mujiya tana jan idonmu waje ne, fanka kuwa tana nuna mana cikin gida. Lalle da ɗan gari akan ci gari.

Inda na ga rauni shi ne ɗora laifin a kan Bob, domin ya sassauta wa uban. Wannan ɗabi'a ba baƙuwa ba ce wurinmu. Yarinya nawa aka ce iska ya taɓa, aka yi ta hayaƙi, alhali mai cutar da ita yana zaune a zaure?

Saboda haka, 'yan'uwa ɗalibai, kada mu fassara alama da camfinmu kaɗai. Mu duba inda take fitowa, da abin da ke biyo bayanta. Allah ya sa mu dace.