Kumfa da Shekaru: Shampen, Kaba da Furoseko

A Turai, masu sana'ar giyar inabi mai kumfa sun daɗe suna muhawara kan wadda ke jure ajiya da wadda ba ta so a jira ta. Akasarinmu addini ya hana mu shanta, amma sana'ar ta cancanci nazari, domin an daɗe ana fassara ta a karkace: ana ɗaukar wadda ta fi daɗewa a matsayin wadda ta fi kyau. Ni ban yarda da wannan ma'auni ba.

Tushen bambancin shi ne wurin da kumfar ke samuwa. A yankin Shampen da ke arewa maso gabashin Faransa, ana zuba giyar da ta riga ta tsima a kwalba, a ƙara mata sukari da yis, a toshe. Can cikin kwalbar take sake tsima, iskar da ta taso ta rasa mafita ta narke a ciki. Idan yis ɗin ya mutu sai ya kwanta a matsayin diddiga, kuma wannan diddigar ce jarin masu sana'ar. A hankali take narkewa, tana ba giyar ƙamshin gasasshen burodi da laushi a baki. Doka ta wajabta aƙalla wata 15 a ma'ajiya kafin a sayar, wadda kuma aka yi da inabin shekara guda tak sai ta cika shekara 3. Ramukan alli na ƙarƙashin birnin Reims suna riƙe sanyi iri ɗaya rani da damina. Ga kuma sanyin yankin, wanda ke sa inabin Chardonnay da Pinot Noir su nuna da tsami mai kaifi. Tsamin nan ne ƙashin bayan giyar, shi ke hana ta lalacewa da wuri.

A 2010 masu nutso sun tarar da kwalaben Shampen 168 a wani jirgin ruwa da ya nutse kusa da tsibiran Åland a tekun Baltik. Kwalaben sun yi kimanin shekara 170 cikin duhu da sanyi, kumfar ta ragu ƙwarai, amma ana iya sha. Sukarinsu ya ninka na yau sau da yawa, wato har ɗanɗanon masu saye ya sauya.

Kaba ta Sifaniya tana bin hanyar kwalba ita ma, tun da Josep Raventós ya fara yin ta a Kataloniya a 1872. Wata 9 ne mafi ƙaranci a ma'ajiya, wadda ake kira Gran Reserva kuwa wata 30. Yankin ya fi ɗumi, don haka tsaminta ya fi sauƙi, sai dai inabin Xarel·lo yana ba masu kyau daga cikinta ƙarfin jurewa da kasuwa ba ta cika biya musu kuɗinsa ba.

Furoseko ta arewa maso gabashin Italiya ita aka fi zalunta a wannan gwaji. A babban tankin ƙarfe take tsima karo na biyu, bisa dabarar da Federico Martinotti ya yi wa rajista a 1895, cikin makonni kaɗan, sannan a tace a ɗura. Ba don rowa ko gaggawa kawai ake yin haka ba. Inabin Glera da ake yin ta da shi ƙamshin fure da ɗanyen tuffa gare shi, kuma daɗewa a kan diddiga binne wannan ƙamshi zai yi. Mai neman ta tsufa kamar mai ajiye kunun aya ne yana jiran ya yi abin da daddawa ke yi. Shekara ɗaya zuwa biyu ce ganiyarta.

Ko Shampen ɗin ma ana zuzuta daɗewarta fiye da kima. Da zarar an cire diddiga an sa sabon marfi, tsufanta ya canza hanya: launi ya ƙara duhu, ƙamshin zuma ya shigo, kumfa ta yi ta raguwa. Yawancin kwalaben da ba a rubuta musu shekara ba an riga an kai su inda ake so kafin su bar ma'ajiya, shi ya sa wasu kamfanoni yanzu ke buga ranar cire diddigar a bayan kwalba, don mai saye ya san daga inda zai fara ƙirga.