Gwanin babur shi ne wanda bai sauke ƙafa ba

Duk wanda ya san lungunan Dutsen Alhaji da damina ya san irin tuƙin da ake yi a cikinsu. Da zarar an bar kwaltar da ta nufi Bwari an kutsa cikin unguwa, sai hanya ta zama gangare mai duwatsu, ruwan sama ya yanka rami a tsakiyarta, nan ga kwata a buɗe, can ga katakon da aka gitta a kanta. Ɗan acaba zai ɗauko mace da buhun masara daga kasuwar Dutse, ya sa giya ɗaya, yatsu biyu a kan kuloci, ƙafar dama tana lallaɓa birki, ya bi ta wata 'yar tudun ƙasa da faɗinta bai wuce tafin hannu biyu ba, ya haye ba tare da ya dafa ƙasa ba. Babu mai tafa masa. Tafi da ihu da ɗaukar bidiyo na wanda ya ɗaga tayar gaba ne a rakiyar amarya, ko ya kwanta rub da ciki a kan babur yana tsala gudu a titin Kubwa. A ganina mun juya abin baibai. Gwanintar da ta fi wuya a kan babur ita ce ta tafiya a hankali, matasanmu suna da ita, kuma ita ce ya kamata a yi wa fili da alƙali da kyauta, da kuɗin da za su fito daga cikin sana'ar kanta.

Wannan ba sabon tunani ba ne, wasa ne da ya haura shekara ɗari a Turai, wanda suke kira tirayal. Ba tsere ake yi ba. Ana shata wani ɗan wuri da igiya ko tutoci, a cikinsa akwai dutse ko kututture ko ƙoramar ruwa, mahayi ya shiga shi kaɗai, alƙali na tsaye yana kallon ƙafarsa. In ya dafa ƙasa sau ɗaya an rubuta masa maki 1, sau biyu maki 2, daga uku zuwa sama maki 3, in kuwa ya faɗi ko ya fita daga shata an ba shi 5. Wanda ya fi ƙarancin maki shi ya ci. Baburan da manyan 'yan wasa ke hawa yau ko wurin zama ba su da shi, a tsaye ake tuƙa su, nauyinsu kimanin kilo 70, tayoyinsu kuma ana rage musu iska don su kama dutse. Toni Bou, ɗan yankin Kataloniya a ƙasar Sifen, ya riƙe kambun duniya shekara bayan shekara tun daga 2007, kuma wanda ya kalli bidiyonsa zai ga mutum ya tsaya cak a kan babur, ƙafafu a sama, yana auna dutsen da ya fi shi tsayi kafin ya daka tsalle ya hau.

Mai karatu zai iya cewa to ina ruwan baburin Boksa na ɗan acaba da wannan. Tarihin wasan ne ke ba da amsa. Gasar kwana shida ta Sikotland, wadda aka fara a 1909 kuma a yanzu ake yin ta a kewayen garin Fort William, an ƙirƙiro ta ne don a gwada ko baburan da mutane ke hawa zuwa aiki za su jure mummunar hanya. Baburan gida ne masu nauyi, kamfanoni kuma suna shiga don su nuna wa mai saye cewa nasu ba ya barin mutum a daji. Sai a tsakiyar shekarun 1960, lokacin da Sammy Miller ya bar Ariel ɗinsa ya koma kamfanin Bultaco na Sifen, aka samu ƙaramin babur mara nauyi da aka ƙera don wasan kawai, gasar duniya kuma ta kankama a 1975. Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda a shekarun baya-bayan nan mutane da yawa a Birtaniya suka juya baya suka koma ga tsofaffin. Akwai gasa guda a Kinlochleven ta baburan da aka ƙera kafin 1965 kaɗai, ana zuwa da irin su BSA Bantam da Triumph Tiger Cub, masu nema kuma sukan fi guraben da ake da su yawa. Dalilin a fili yake. Sabon babur ya yi ƙarfin da sai an kafa masa bangon dutse kafin ya ji a jikinsa, irin wanda mutum ɗaya cikin dubu ke iya tunkara, alhali tsohon babur 'yar hawa mai santsi ta ishe shi jarrabawa, mahayi ya sha wuya, ya ji daɗi, ya koma gida da ƙashinsa lafiya. Wato wasan ba ya buƙatar babur mai tsada. Yana buƙatar a daidaita wuyar hanya da ƙarfin abin hawa, kuma wannan abu ne da kowane shugaban tashar acaba zai iya yi da igiya da duwatsu.

Wuri kuwa Allah ya hore. Sunan Dutsen Alhaji ma ya faɗa, kuma daga Dawaki zuwa Dutsen Makaranta har Ushafa fako ne da fā da tuddai. Mahaya ma nan suka taru, tun da gwamnatin Babban Birnin Tarayya a zamanin Nasiru El-Rufa'i ta hana acaba a tsakiyar Abuja a watan Oktoban 2006, sana'ar ta koma garuruwan gefe. Haramcin Kano na Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero, da na Legas daga baya, sun ƙara tarwatsa masu sana'ar zuwa inda duk aka bar ƙofa a buɗe. A tsawon wannan lokaci hukuma harshe ɗaya take yi wa ɗan acaba: hani, kame, tara, wani lokaci a tattara babura a murƙushe a gaban 'yan jarida. Ban ce babu dalili ba, ganganci gaskiya ne kuma masu ɗori shaida ne. Amma a tuna abin da ya faru a Janairun 2009, da hukumar kiyaye haɗurra ta tilasta sa hular kwano: a wasu garuruwa sai ga mahaya da ƙwarya ɗaure a ka. Mutane sun yi dariya, amma abin ya nuna cewa dokar da ta zo daga sama ba tare da ta taɓa abin da matashi ke alfahari da shi ba, zai bi ta ne iya inda idon jami'i ya kai. A filin gasa kuwa hular kwano ita ce tikitin shiga. Wanda bai sa ba ba a kama shi, ba a ci shi tara, kawai dai ba zai hau ba, yana tsaye yana kallon sa'o'insa.

Babbar sukar da za a yi ita ce wannan buɗe ƙofar ganganci ne, yaron da aka koya wa hawa dutse gobe zai gwada a kan titi da fasinja. Sukar tana da nauyi in ana maganar tsere, ko wasan juya mota da 'ya'yan masu hali ke yi a titunan Abuja. Amma a duba abin da wannan wasa ke sakawa a kai. Mai gaggawa shi ke faɗuwa. Mai murɗa totur da ƙarfi tayarsa ta baya ce ke zamewa. Maki yana hannun wanda ya sauka ya taka wurin da ƙafa tukuna, ya ga inda tayar gaba za ta bi, ya san lokacin sakin kuloci da lokacin taɓa birki. Yawancin abin da ake yi bai fi saurin mai tafiya da ƙafa ba, shi ya sa faɗuwarsa ta fi zama ƙujewa da targaɗe. Bahaushe ma ya san wannan ma'auni a kan doki, domin a wurin jafi kowa na iya sakin linzami, wanda ake yabo shi ne wanda ya tsayar da dokinsa cak a gaban sarki. Matashi yana son a gan shi, wannan ba za a iya cire masa ba. Abin da za a iya shi ne a sauya abin da ake kallonsa a kai.

Sai maganar kuɗi, inda irin waɗannan shawarwari suka saba mutuwa. In aka kai takarda ma'aikatar matasa, abin da zai biyo baya sananne ne: a kafa kwamiti, a sayo babura biyu ko uku na Beta ko Sherco daga Turai, kowanne a kan dubban daloli, a yi bikin ƙaddamarwa, ranar da wani ƙaramin ƙarfe ya karye a jingine su, don babu mai sayar da kayansu a Apo ko Panteka. Kuɗin babur ɗaya irin wannan zai saya wa mahaya masu yawa hular kwano ta gaske da takalmi mai rufe idon sawu da safar hannu, ya biya alƙalai da ma'aikacin jinya na ranar gasa, ya rage na kyauta. Misalin da ya fi dacewa da mu yana nan kusa, a gidan damben Dei-Dei, inda wasan gargajiya ya daɗe yana ɗaukar nauyin kansa da kuɗin ƙofa da liƙin 'yan kallo, tun kafin masu tallata kaya su hango shi a intanet su biyo. 'Yan acaba sun fi 'yan dambe tsari ma, domin ƙungiyoyinsu irin su ACOMORAN suna yankar tikiti kullum a kowace tasha, kuma mahayi yana da haƙƙin ya tambayi abin da ake yi masa da kuɗin. A ware wani ɗan kaso da aka sanar, a rubuta a allo a tasha, kowa ya gani. Dillalan Bajaj da TVS da masu sayar da taya da baƙin mai su ne na biyu, kuma ba alfarma za su yi ba, talla ce irin wadda kamfanonin Ingila suka yi shekara ɗari da suka wuce. Dillalin da baburinsa ya haye tudun da na wani ya kasa a gaban ɗaruruwan masu saye ya san abin da ya samu.

Akwai wata suka da ta fi wannan ciwo, kuma daga bakin mahayan za ta fito: baburin nan shi ne abincin gida, sau da yawa ma ba na mai tuƙa shi ba ne, balas yake kai wa mai shi kowace yamma ko yana biya kaɗan-kaɗan, ga man fetur ya yi tsada tun cire tallafi a watan Mayun 2023. Wa zai kai jarinsa kan dutse? Gaskiya ne, kuma bai kamata kowa ya kai ba. Nan ne tsofaffin babura ke da amfani. A bayan shagon kowane bakanike akwai gawar Jincheng ko Suzuki ko Honda CG da aka daina aiki da ita. A cire fitilu da madubi da kariya, a rage kujera, a sa babban farantin sarƙa a baya don ya rage gudu ya ƙara ja, a liƙa faranti na ƙarfe a ƙarƙashin inji don kada dutse ya fasa shi. Babur biyu ko uku irin wannan, mallakar ƙungiya, sun isa mutum talatin su yi gasa, tunda ɗaya bayan ɗaya ake shiga. Hakan ma ya fi adalci, don kowa a kan ƙarfe ɗaya za a gwada shi, babu mai cewa kuɗin uban wani ne ya ci. Makanikai kuma sun samu nasu fagen, domin ba za a daɗe ba kafin a fara gardamar wane ne ya fi iya haɗa babur mai hawa.

Yara kuwa ba sai an ɗora su a kan inji ba, doka ma ba ta ba da lasisi ƙasa da shekara 18. A Turai yanzu ana sayen ƙananan babura masu lantarki irin na OSET don yara, abin sha'awa ne amma ba namu ba ne tukuna. Hanyar Kataloniya ta fi mana araha: can an daɗe ana fara yara da keke a kan dokoki iri ɗaya, kuma Toni Bou kansa da keke ya fara. Mata ma ba a rufe musu ƙofa ba a wasan, Laia Sanz ta ci kambun duniya na mata fiye da sau goma.

Saura tsaro da ƙasa, kuma waɗannan ba a yi musu gaggawa. Bayan sace-sacen mutane da aka yi a yankin Bwari a farkon 2024, har da unguwannin Dutse, taron matasa da babura a gindin dutse abu ne da zai tayar wa maƙwabta da jami'an tsaro hankali, kuma suna da hujja. Shi ya sa bai kamata a yi shi a ɓoye ko a cikin daji ba. Wasan ba ya cin wuri, rabin filin ƙwallo ya isa in aka jera manyan duwatsu da tsofaffin tayoyin tirela da bututun kwalbati. A yi shi da rana tsaka, a cikin gari, da sunan kowane mahayi da lambar tasharsa a rubuce, da sanin ofishin 'yan sanda da ƙaramar hukumar Bwari. In kuma ana son a taɓa duwatsun gaske, to suna da masu su. Gbagyi ne 'yan asalin wurin, wasu tuddan akwai gonaki da kaburbura a jikinsu, sai an je wurin masu sarauta an nemi izini, an kuma yarda da inda suka ce kada a taka.

Ba na cewa Dutsen Alhaji zai fitar da zakaran duniya, kuma duk wanda ya yi wa matasa alkawarin cewa wasan nan zai ciyar da su ya yaudare su, domin ko a Turai 'yan ƙalilan ne ke rayuwa da shi, sauran makanikai ne da manoma da ke fitowa ranar Lahadi. Ribar da ake iya samu ƙarama ce amma ta tabbata: mahayin da ya san birkinsa, hular kwanon da aka sa don ana so, da takardar da ƙungiya za ta iya bai wa wanda ya ci, wadda zai nuna wa kamfanin kai saƙo ko mai babur da ke neman amintaccen hannu. Gasar farko ba ta buƙatar fiye da tasha biyu da suka yarda su kara, babur ɗaya da aka gyara, wurare biyar da aka shata, da dattijo ɗaya a kowane wuri wanda duka ɓangarorin suka amince ba zai rufe ido ba in ƙafar ɗan unguwarsu ta taɓa ƙasa.