Hancin Mai Daddawa

A ƙauyukan Dambatta da Bichi da Makoɗa, inda gona ke manne da gona, da wuya manomi ya sare ɗorawa. Idan bazara ta yi 'ya'yanta suka nuna, a sha garin, a yi makuba da ɓawon, kalwar kuwa ta tafi hannun masu daddawa.

Za a dafa ta wuni guda ko fiye har baƙar fatarta ta yi laushi, a surfa a turmi, a wanke, a sake dafawa da 'yar kanwa, a juye a ƙwarya da zafinta, a lulluɓe da buhu a kai ƙuryar ɗaki. Duk mai ƙarfin hannu za ta iya wannan. Sanin lokacin buɗewa shi ne gwanintar.

Cikin ƙwaryar, wasu ƙananan halittu da masana ke kira Bacillus subtilis ne ke narka kalwar, su sa ta yi yauƙi, ta fara fitar da iskar amoniya mai zarni. Aikin yakan ɗauki kwana 2 zuwa 3, amma da zafi yakan yi sauri, da hunturu ya yi nawa, don haka ƙirga kwana ba ya wadatarwa. Gwana sai ta ɗaga gefen buhun kaɗan ta sunkuya ta sansana. In akwai sauran gafin ɗanyen wake, ta mayar. In zarnin ya fara tsinkar hanci amma ƙamshin miya na biye da shi, ta yi. Tsami kuwa ko ɗoyi, wannan asara ce, kuma takan ji shi tun kafin ido ya ga alama. Numfashi ɗaya, kuma jarinta na mako ya rataya a kansa.

Abin da take aiki da shi yana can saman kogon hanci. A 1991 wasu masana biyu a Amurka, Linda Buck da Richard Axel, suka gano dangin ƙwayoyin gadon da ke ƙera makarɓan wari, aikin da ya kai su ga kyautar Nobel a 2004. Ɗan Adam na da irin waɗannan makarɓa wajen 400 masu aiki, kuma kowace jijiyar sansane iri ɗaya tak take ɗauke da shi, kamar kwaɗo da mabuɗinsa. Warin daddawa yakan taɓa da dama daga cikinsu a tare, wasu da ƙarfi, wasu sama-sama, ƙwaƙwalwa ce ke haɗa su ta ce wannan ta nuna.

Ba kuma daidai aka raba mana su ba. A 2007 aka nuna cewa wata ƙwayar gado mai suna OR7D4 tana da hannu a yadda mutum ke jin wani sinadari da ake samu a gumi: wani ya ji zarni, wani ya ji ɗan ƙamshi, wani bai ji komai ba. Ke nan uwa da 'yarta na iya sunkuyawa kan ƙwarya ɗaya, abin da ya isa ƙwaƙwalwarsu ya ɗan bambanta.

Wannan bambancin ne ya sa yadda matan nan ke koyarwa ya fi burge ni. Ba sa ɓata baki wajen kwatanta wari. Yarinya za ta sansana ta ce, "Inna, ta yi?" Uwar ta ce, "Da saura, rufe." Da yamma a sake. Gobe da asuba ta ce, "Yauwa, riƙe wannan a hancinki." Yarinyar na ɗaure abin da hancinta ya ji da hukuncin uwarta, shekara bayan shekara, har ta daina tambaya. Ranar da ta koma yin daddawar waken suya ko ta batso, wadda ake yi da irin yakuwa, sai ta nemi wata gwanar ta zauna kusa da ƙwaryarta, domin kowace da irin warin nunarta.