Gwanintar Masu Farfaɗo da Hasken Laftof a Romi

A Unguwar Romi, cikin ƙaramar hukumar Chikun a kudancin kogin Kaduna, laftof jari ce ga ɗalibi da mai shagon buga takardu. Da yawa daga cikinsu tokunbo ne, sun sha aiki a Turai ko Amurka kafin su shigo ta Legas. Shi ya sa ake yawan kai wa masu gyara wadda fuskarta, wato sikirin, ta dusashe har rubutu ba ya karantuwa.

Gwani ba ya fara ɗaukar sukudireba. Sai ya jona caja tukuna, domin laftof kan rage haskenta da kanta idan tana kan batir, sannan ya danna maɓallin ƙara haske. Sau da dama maganar a nan take ƙarewa. In ba ta ƙare ba, sai ya kunna tocilar wayarsa, ya haska sikirin ɗin a karkace, ya kawo ido kusa. Hikimar ita ce, gilashin LCD ba ya samar da haske. Hoto kawai yake tsarawa, fitilar da ke bayansa ce ke bayyana shi, kamar yadda rana ke fito da zanen labule. Idan ya hango inuwar rubutu, ya san gilashin lafiya lau yake, fitilar ce ba ta ci. Don ya ƙara tabbatarwa, sai ya haɗa laftof ɗin da talabijin ta wayar HDMI. Hoto ya fito tangaran, ke nan ƙwaƙwalwar na'urar ba ta da laifi.

Daga nan sai ya riƙa buɗe murfin yana rufewa a hankali, idonsa kan sikirin. Akwai wata siririyar waya, fileks, da ke bi ta cikin maƙalar murfin, kuma yawan lanƙwasawa kan karya zarurrukanta. Haske ya zo ya ɗauke yayin motsin, to an kama ɓarawo.

Sai yanzu zai kwance. Abu na farko, ya cire batir, domin zare fileks da wuta a jiki kan ƙona fis. Notuna kuwa a jere yake ajiye su bisa tsarin da ya cire su. Tsofaffin laftof, irin na kafin wajajen 2010, suna da siririn bututun fitila mai suna CCFL, da inbata, wato ɗan allon da ke ɗaga wuta zuwa ɗaruruwan bolt. Bututun da ya tsufa yakan ba da haske ja-ja-ja kafin ya mutu. Na yanzu kuwa jerin ƙananan fitilun LED ne, wutarsu na bi ta wani fis da bai kai ƙwayar shinkafa ba. Sai ya ɗora bakuna biyu na mitar gwajin wuta a gefunan fis ɗin. Mita ta yi ƙara, hanya a buɗe take. Ta yi shiru, fis ya ƙone. Ya ɗauko hantsaki da ƙarfen dalma, ya ɗauke shi, ya dasa sabo mai awo ɗaya da shi, bayan ya binciki abin da ya ƙona na farkon.

In duk wannan bai yi ba, sannan ne zai yanke hukuncin sauya sikirin. Ko a nan ma sai ya karanta lambar da ke manne a bayansa, ya ƙirga haƙoran soket, 30 ne ko 40, don kada a sayo wanda ba zai shiga ba.

Malalacin mai gyara kallo ɗaya zai yi ya ce sikirin ya mutu, a kawo kuɗin sabo. Gwani kuwa daga mai araha yake farawa zuwa mai tsada, kowane mataki da hujjarsa. Wannan haƙurin ne ke tsare aljihun mai kaya, shi ne kuma darasin farko da ya kamata duk yaron shago ya koya kafin a miƙa masa ƙarfen dalma.