«Tushe» ko «harafi»? Tsokaci kan fassarar bases azotées

1. Gabatarwa

Wannan ƴar maƙala tana duban kalmomi biyu masu saurin zuwa bakin mai fassara idan ya tashi bayanin ADN da Hausa: «tushe» a madadin base, da «harafi» a madadin A, T, G, C. A ganinmu, duka biyun suna ɓoye abin da ya kamata ɗalibi ya gani.

2. «Tushe»

A Faransanci base tana da ma'ana biyu: gindin abu, da kishiyar asid. Ta biyun ce ake nufi a nan. Bisa bayanin Brønsted na 1923, base sinadari ne mai karɓar proton, kuma a waɗannan sinadarai azot ne ke yin wannan aiki. Bahaushe ya san irin wannan adawa, tunda yakan ce kanwa ta kar tsami. Mai cewa «tushe» ya ɗauki ma'anar farko, ya kuma juya ginin, domin sarƙar sukari da fosfat ce ke riƙe da ADN, su kuwa rataye suke a jikinta. Aron kalmar, wato «baz», ya fi aminci.

3. «Harafi»

Wannan kwatanci ya fi jan hankalinmu, mu masu nazarin harshe. Yana da amfani, domin a jerin baz ɗin ne saƙon gado yake. Sai dai siffar harafi yarjejeniya ce: ba abin da ya tilasta ƙ ta kasance da lanƙwasa. Siffar baz kuwa ita ce aikinta. Adenin da guwanin dangin purin ne, zobe biyu manne da juna, mai kusurwa 6 da mai 5, da azot 4 a jikin zoben. Sitozin da timin, da urasil na ARN, dangin pirimidin ne, zobe ɗaya mai azot 2. Kullum babba ke haɗuwa da ƙarami, A da T ta mahaɗin idrojen 2, G da C ta 3, shi ya sa faɗin igiyar ba ya sauyawa. Chargaff ya nuna a 1950 cewa yawan A daidai yake da na T, na G da na C, Watson da Crick suka bayyana dalili a 1953. Ɗalibin da aka ba «harafi» kawai zai haddace waɗannan tagwaye da ka, bai san abin da ya haɗa su ba.

4. Kammalawa

Muna ba da shawarar «baz mai zobe biyu» da «baz mai zobe ɗaya», a bar «harafi» ga maganar jeri kaɗai. Malami yana da misali a kusa: kafeyin da ke cikin goro shi ma ɗan dangin purin ne. Muna fatan abokan aikinmu na sashen kimiyya za su gwada waɗannan kalmomi a aji, su gaya mana inda suka gaza.